Kundin aiki: batirin wani kamfani a jikin na'urar wani

2 ga Fabrairu, 2025

Kayan aikina masu amfani da batir sun kasu gida uku. Injin huda, injin ɗaure sukuru da injin zarto duk na DeWalt ne, kuma baturansu su suka fi yawa a hannuna. Fitilar aiki da famfon hura taya na Ryobi ne, batirinsu guda ɗaya tak, shi ma ya fara gajiya. Sai giranda ta Makita da na samu tsurarta, ba batir ba caja. Niyyata in ga ko baturan DeWalt za su ɗauki nauyin duka ta hanyar adafta, 'yar robar nan da ake maƙalawa tsakanin batir da na'ura, in huta da tara caja iri-iri. Duk abin da na gani zan riƙa rubutawa a nan.

Na fara da maganar ƙarfin wuta, domin a jikin batirin DeWalt an rubuta 20V MAX, na Ryobi da na Makita kuwa 18V. Wanda bai sani ba zai ɗauka akwai tazarar volt biyu a tsakani, alhali babu. Dukkansu ƙwayoyin lithium biyar ne aka jera bi da bi, kowace ƙwaya matsakaicin ƙarfinta volt 3.6, biyar ɗin su ba da 18. In aka cika su taf, iyakar kowace ƙwaya 4.2, jimla 21. DeWalt sun zaɓi rubuta abin da mita ke nunawa kafin a ɗora wa batir aiki, kuma sun faɗi haka da kansu da ƙananan haruffa a jikin kwali. Wannan batirin dai in ka je Turai 18V XR za ka ga an rubuta masa. Na cika na DeWalt da na Ryobi, kowanne a cajarsa, na sa mita, duka biyun sun ɗan haura 20.

A nan mutane da yawa ke rufe bincike: wuta ɗaya ce, bakin ne kawai ya bambanta, kamfanoni ne ke son ɗaure mu. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin. Milwaukee da na'urorin Ryobi duk a ƙarƙashin kamfanin TTI suke, amma batirin wannan ba ya shiga wancan. DeWalt, Craftsman da Black+Decker duk na Stanley Black & Decker ne, su ma haka. Bosch kuwa mai launin shuɗi da mai launin kore ba sa musayar batir duk da suna ɗaya suke amsawa. Kasuwanci ne, ba shakka. Sai dai ban yarda bakin ne kaɗai ya bambanta ba, shi ya sa ban yi odar komai ba tukuna.

9 ga Fabrairu

Yau na zauna da batirin DeWalt a ƙarƙashin fitila ina duba ramukan da ke samansa. Da a ce wuta kawai yake bayarwa, rami biyu ya isa. Amma ga B+ da B− a gefe da gefe, a tsakaninsu kuma TH, ID, C1, C2, C3 da C4.

TH ma'aunin zafi ne da aka manna a jikin ƙwayoyin, juriyarsa, wato yadda yake tare wuta, tana sauyawa gwargwadon zafinsu. ID shi ke gaya wa caja wane irin batir aka ɗora mata. C1 zuwa C4 kuwa wayoyi ne da suka fito daga mahaɗar kowace ƙwaya da ta kusa da ita, don a iya duba kowacce ita kaɗai. Na naɗe tsinken mitata da tef na bar ɗan bakin kawai, saboda ramukan a matse suke, in tsinke ɗaya ya taɓa biyu lokaci guda tartsatsi ne zai tashi. Baƙin tsinken a B−, jan kuma ina matsar da shi: C1 ya ba ni 4.1, C2 8.2, C3 12.3, C4 16.4, B+ 20.5. Kamar matakala, kowane taki daidai da ɗan'uwansa. Batirin lafiyarsa ƙalau.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne B+ da B− kullum a raye suke. Babu wani makunni a cikin batirin da zai yanke wuta in ƙwayoyin sun kusa ƙarewa. Wannan aikin DeWalt sun bar wa na'ura: injin huda ne ke lura da wutar, in ta yi ƙasa ya tsaya da kansa. A wurin caji kuma caja ce ke lura da ƙwayoyin ta C1 zuwa C4. Wato batirin jiki ne kawai, ƙwaƙwalwar tana waje.

Ryobi sun bi akasin haka, kuma da dalili. Tsarinsu na ONE+ tun 1996 yake, zamanin batirin nikel, kuma sun riƙe siffar bakin nan mai kara har yau don sabon batir ya shiga tsohuwar na'ura. Tsohuwar na'ura ba ta san komai game da lithium ba, waya biyu ce da mota. Dole kariyar ta koma cikin batirin: akwai fanel, wato ɗan allon lantarki, a ciki da ke yanke wuta da kansa in ƙwaya ta yi ƙasa ko zafi ya yi yawa. Makita kuma nasu salon daban: batir da na'ura masu alamar tauraro suna magana ta wata ƙafa ta uku, batirin ya aiko da saƙo cewa a dakata, na'urar ta dakata. Milwaukee ma a tsarinsu na M18 batir da na'ura suna musayar saƙo.

To ga inda gizo ke saƙar. In na ɗora batirin DeWalt a kan fitilar Ryobi, batirin yana jiran na'ura ta kare shi, na'urar kuma an ƙera ta ne bisa cewa batir zai kare kansa. Masu gadi biyu ne kowa ya kwanta barci yana zaton ɗayan ne ke kan aiki. In aka juya, batirin Ryobi a kan na'urar DeWalt, ta fuskar ƙarewar wuta an fi samun sauƙi, tunda kowanne yana sa ido. Ashe ba a tambayar ko adafta tana da haɗari a dunƙule, sai an san wane batir ne zai hau wace na'ura. Ni kuwa haɗin da nake so shi ne mafi muni a cikinsu.

Me ke faruwa in an tatse ƙwaya? Iyakar da masu ƙera ƙwayoyin ke sawa ita ce wajen volt 2.5. In ta faɗi ƙasa da haka sosai ta daɗe a can, siririn tagullar da ke cikinta yakan fara narkewa cikin ruwan batirin. Ranar da aka sake tura mata caji, tagullar nan ta sake daskarewa a inda bai kamata ba, ta iya huda shamakin da ya raba ɓangarorin biyu. Daga waje ba a ganin komai. Shi ya sa caja ta ƙwarai ke ƙin karɓar batirin da ya faɗi da yawa, ta yi ta ƙyafta ja. Ba rowa take yi ba.

16 ga Fabrairu

Adafta biyu sun iso, ɗaya ta Ryobi ɗaya ta Makita, duka masu karɓar batirin DeWalt. Babu sunan wanda ya ƙera su, babu takardar bayani. Kafin in ɗora musu batir na kwance sukurorin.

Ta Makitan, cikinta fayau. Waya ja, waya baƙa, sai wata siririya da aka ɗauko daga + aka kai ƙafa ta uku. Aikin siririyar nan shi ne ta riƙa gaya wa giranda cewa batir yana lafiya, ko da kuwa yana tafasa. A ɓangaren batir, ramukan TH da C ba abin da ya shiga cikinsu, a buɗe suka tsaya. Irin wannan dabarar ake yi a adaftar da ke shiga na'urorin da ke karanta zafi: a sa ƙaramin rezisto mai juriya ɗaya da ba ta sauyawa, na'ura ta yi ta ganin batir a sanyaye har abada. Kaurin wayoyin bai kai na cikin girandar ba, kuma liƙin dalmar a ƙafar − ya yi dunƙule, bai kwanta ba. Na sake liƙa shi.

Ta Ryobin tana da ramin USB a gefe da ɗan fanel ƙarami. Na duba ko fanel ɗin yana kan hanyar manyan wayoyi, wanda zai nuna yana iya yanke wuta. Ba ya kai. A gefe yake rataye, aikinsa rage wuta zuwa volt 5 don cajin wayar hannu kawai.

23 ga Fabrairu

Fitila ta kama da batirin DeWalt, haske garau, famfon taya ma ya yi aiki ba tangarɗa. In da a nan zan tsaya sai in ce an gama.

Na bar fitilar a kunne ina kallon 'yan fitilu uku da ke jikin batirin masu nuna sauran caji. Uku, biyu, ɗaya. Bayan ta ƙarshen ta mutu fitilar aiki ba ta ko ƙyafta ba, tana ci gaba da sha. Na cire na auna, ya sauko kusa da 15, wato volt uku-uku. A injin huda da nan kusa zai tsaya. Fitilar kuwa babu alamar tana da niyyar tsayawa, kuma ban bar ta ta nuna min iyakarta ba, batirin nawa ne.

Sai na gwada wani abu. Fitila a kashe, adafta a jikin batir, na sa mita a tsakani don in ga ko wuta na tafiya. Tana tafiya, wajen miliamfiya 8, fanel ɗin USB ne ke lasa ko ba a jona masa komai ba. Ƙaramin batir mai 2Ah miliamfiya 2,000 ke cikinsa na awa ɗaya. Raba da 8, awa 250, kwana goma da 'yan awoyi. Wato cikakken batir in aka manta shi a jikin adaftar nan a cikin akwati, kafin mako biyu ya ƙare, kuma ba za ta daina lasa ba don ya ƙare. Wanda aka ajiye saura 'yar fitilar caji ɗaya a jikinsa kuwa 'yan kwanaki ne. Ina zargin yawancin baturan da ake cewa adafta ta kashe, a ajiye suka mutu ba a bakin aiki ba.

Na rubuta da farin fenti a jikinta: CIRE BATIR.

1 ga Maris

Na sa wa adaftar fitila ɗan fanel mai yanke wuta in ta yi ƙasa, irin mai rile da lambobi a fuska, na saita shi a 16, na kuma ƙara fis a layin +. Yana aiki: wuta na taɓa 16 sai ka ji ƙas, fitila ta mutu.

Abu biyu ne ba zai iya ba. Shi ma yana shan wuta a zaune, don haka dokar cire batir tana nan daram. Sannan jimla kawai yake gani. Batir mai nuna 15 zai iya zama ƙwaya biyar masu uku-uku, zai kuma iya zama huɗu masu 3.2 da ɗaya mai 2.2, lissafin duk ɗaya ne a wurinsa. Shi ya sa na ɗaga ma'aunin zuwa 16, in bar wa raunanniyar ƙwaya sarari. Kuma tsohon batir, wanda matakalarsa ta fara karkacewa, ba zai hau adafta ba ko da fanel.

9 ga Maris

Ranar giranda. Na ɗora batir mai 5Ah, na ɗaure guntun ƙarfe mai kusurwa a bais, na fara yanka. Yankan farko da na biyu lafiya. Da na danna sosai a na gaba, sai na ji warin roba mai zafi, ba irin warin dutsen yanka ba. Na saki makunni na zare batir. Jikin batirin ɗumi ne kawai, amma adaftar ta wajen ƙafar + ba ta taɓuwa, robar da ke kewaye da harshen ƙarfen ta yi laushi har harshen yana ɗan motsi in na taɓa shi da sukundireba.

Lissafin ba shi da wuya. Fitila amfiya ɗaya ko ƙasa da haka take ja. Giranda ko zarto in sun ci aiki suna iya jan talatin ko fiye. Zafin da ke taruwa a mahaɗa kuwa ba ninki ɗaya yake hawa ba: amfiya sau amfiya sau juriya. Mu ɗauka mahaɗar adaftar tana da juriyar om 0.02, abin da mitar hannu ma da kyar za ta gani. A amfiya ɗaya, wat 0.02, ba komai. A amfiya 30, ɗari tara sau 0.02, wat 18 ke nan a wuri kamar ƙwayar wake, cikin roba rufe. Akwai ƙarfen liƙin dalma da bai fi haka ƙarfi ba. Kuma adafta tana ninka yawan mahaɗai, maimakon batir da na'ura su haɗu sau ɗaya sai su haɗu sau biyu, ga girgizar giranda tana sassauta su. Mahaɗa in ta yi zafi ta saki, in ta saki juriya ta ƙaru, zafi ya daɗu.

Akwai kuma girman batirin. Mai 5Ah ƙwaya goma ne a ciki, layi biyu na biyar-biyar suna raba nauyi. Mai 2Ah layi ɗaya ne, duk abin da na'ura ta ja a kansa yake. Ƙwaya irin Samsung 25R, wadda ta shahara a wannan aiki, amfiya 20 aka ƙayyade mata a ci gaba da ja. A na'urar gidansu, in ƙaramin batir ya ɗau zafi TH zai kai ƙara a tsaya. A kan adafta ba mai kai ƙara.

Wani abin da ban yi tsammani ba: adaftar ta ƙara wa girandar tsawo ta baya, nauyi ya koma can, kuma makullin batirin ba ya kamawa da ƙarfi kamar na asali. Na'urar da ke juya dutse dubban zagaye a minti ba wurin da za ka so batir ya riƙa rawa ba ne.

Adaftar Makita ta yi ritaya daga yau.

16 ga Maris

Cajar DeWalt tana da batir a kai, ƙanina kuma yana sauri. Na juyo na gan shi riƙe da wani batirin a jikin adafta yana shirin zura karan cikin cajar Ryobi.

"Yaya, ai bakin ya shiga. Tunda ya kunna fitila, me zai hana ya sha caji ta nan?"

"Ajiye tukuna, zo ka gani."

Na zare adaftar na nuna masa ƙarƙashinta, haƙora biyu kacal. Na nuna masa bakin cajar DeWalt, haƙora jere. Na ce ya ƙirga waɗanda suka ɓace.

Caji ya fi sauke wuta haɗari nesa ba kusa ba, kuma a nan ban ga wurin sassauci ba. Cajar lithium tana tura wuta daidai gwargwado har ƙwayoyi su kai iyaka, sannan ta riƙe ƙarfin a nan tana rage turawa har ta tsaya. Matsalar ita ce ƙwayoyi biyar ba sa tsufa tare. Cajar da ke ganin jimla kawai za ta ga 21 ta ce an cika, alhali huɗu suna 4.1, ɗaya ta kai 4.6. Ƙwayar da aka ɗura wa fiye da ƙima lithium yakan taru a cikinta a matsayin ƙarfe, ta fara fitar da iska, ta kumbura, in abin ya ci gaba ta kama zafin da ke ciyar da kansa, ta kunna ta kusa da ita. Cajar DeWalt tana hana wannan ta C1 zuwa C4. Cajar Ryobi ba ta da waɗannan haƙoran don batirin gidansu yana da fanel ɗin da ke wannan aikin a ciki. In caja ta ƙi karɓar baƙon batir ta adafta, an yi sa'a. In ta karɓa, ba mai kallon ƙwayoyin.

Ga kuma zafi. Littafin DeWalt ya ce kada a yi caji ƙasa da digiri 4.5 ko sama da 40 a ma'aunin Salshiyos. Na Makita ya ce tsakanin 10 da 40. Batirin da ya fito daga bakin aiki da zafi, cajarsa ta asali takan jira ya huce kafin ta fara, kuma ta TH ta san haka. Cajar Makita mai sauri, DC18RC, har fanka gare ta da ke hura iska ta cikin ramukan batirin, shi ya sa take iya cika mai 5Ah cikin minti 45. Gudun nan an auna shi ne da batirin da aka yi wa hanyar iska.

Su kansu kamfanonin in sun yi adafta sukan raba aikin. DeWalt suna da DCA1820, mai sa sabon batir ya yi aiki a tsofaffin na'urorinsu na 18V masu kara, amma ba a caji ta cikinta, sai an zare batir an kai shi sabuwar caja. Makita suna da ADP10 wadda aikinta caji ne kawai, batirinsu na tsarin LXT a kan cajarsu ta wani tsarin, XGT. Kowacce an yi ta don abu guda, a cikin gida guda.

Ƙanina ya ce, "To Yaya, caja mai baki da yawa fa, wadda ake cewa tana cajin kowane iri?" Na ce duk wadda ya gani ya leƙa bakinta ya ƙirga haƙora. In biyu ne a kowane rami, amsar ɗaya ce. Ya jira cajar DeWalt ta gama.

22 ga Maris

Wani abokin aiki ya kawo min batir in gwada a giranda. Siffar ƙafarsa irin ta Makita sak, ba suna, an rubuta 88V da 9.0Ah da manyan haruffa. Ya zo ne tare da wani injin huda mara suna, cajarsa kuma 'yar ƙarama ce mai tsinke kamar ta rediyo, ana soka ta a rami a jikin batirin.

Mita ta ce 20 da ɗoriya. Ƙwaya biyar ne a jere kamar kowa, 88 ɗin ado ne. Batun 9.0Ah kuwa ko buɗewa ba sai an yi ba. Kwalin girmansa na ƙwaya goma ne irin 18650, masu kaurin milimita 18 da tsawon 65. Masu ɗaukar caji da yawa a wannan girman wajen 3.5Ah suke, layi biyu su ba da 7, kuma masu ɗaukar da yawa haka ba sa jure jan wuta mai ƙarfi. Waɗanda ake sawa a kayan aiki 2.5 zuwa 3 ne. Ƙwaya ta ƙwarai nauyinta wajen giram 45, goma su kusa rabin kilo tun ba a sa kwali ba. Na ɗora wannan a sikeli, duk da kwalinsa bai kai haka ba.

Irin waɗannan suna da fanel nasu a ciki, kuma a kan injinsu da 'yar cajarsu mai tafiyar hawainiya suna iya yin shekaru. Haɗarin yana zuwa ne daga kamannin: tunda ƙafar ta yi daidai, sai mutum ya ɗora shi a caja mai sauri ta asali, ko a na'ura mai cin wuta. Na mayar masa da abinsa, na ce ya bar shi a inda aka haife shi.

5 ga Afrilu

Akwai hanyar raba batir tsakanin kamfanoni da ba ta buƙatar roba a tsakani, sai dai tun wurin saye ake shigarta. A 2018 Metabo na Jamus suka kafa CAS, inda kamfanoni irin su Mafell, Rothenberger, Collomix da Steinel suka amince da batir ɗaya da caja ɗaya. A 2020 Bosch da Gardena suka fito da Power For All na kayan gida da lambu, a 2022 kuma AMPShare ta zo a kan batirin Bosch mai shuɗi, tare da Fein da Rothenberger. A cikin kowace ƙungiya ba baki kaɗai aka daidaita ba, har da saƙon da ke wucewa tsakanin batir, na'ura da caja, kuma garanti bai faɗi ba. Amma ƙungiyoyin ba sa shiga juna, kuma babu ko ɗaya daga cikin ukun da nake da su a ciki. Da yau zan fara tara kaya daga farko, da na duba nan da kyau.

Ƙungiyar masu ƙera kayan aiki ta Amurka, Power Tool Institute, matsayinta shi ne kada a yi amfani da adafta ko batirin da ba na asali ba sam. Masu sayar da batir ne ke magana, na sani, kuma ban bi su har ƙarshe ba: fitila da famfon taya za su ci gaba da zama a kan adafta mai fanel da fis, ina tsaye a wurin, da batir mai lafiya. A kan giranda da caji kuwa abin da na gani da idona ya yi daidai da maganarsu. Na yi odar batirin Makita ɗaya da cajarsa.

12 ga Afrilu

Tunda caja uku za su zauna, gara su zauna da tsari. Na kafa kanta ta ƙarfe a bangon da ya fi nisa da inda garin katako ke tashi, ba kuma kusa da ƙofa ba, don in wani abu ya faru kada ya tare hanyar fita. Tazarar tafin hannu tsakanin caja da caja, kowacce da soket ɗinta, makunni ɗaya babba da ke kashe su duka in zan tashi. Ba a barin caji cikin dare. Na sa na'urar gano hayaƙi a sama. Kowane batir na ɗiga masa fenti kalar da na ɗiga wa cajarsa, saboda ƙanina da duk wanda zai shigo aro.

Na kuma gaya masa abin yi in batir ya fara huci, ko kumburi, ko wari mai zaƙi-zaƙi: a kashe babban makunni, in ana iya fitar da shi waje da shebur ba tare da an taɓa ba a fitar, a ajiye a kan siminti nesa da komai. In ya riga ya kama, hayaƙinsa guba ne, a fice a kira 'yan kwana-kwana. Kuma batirin da gobararsa ta mutu yana iya sake kamawa bayan an ɗauka an gama.

Tsohon batirin Ryobi ya daina karɓar caji a makon nan. An ba ni shawarar in tashe shi da waya biyu daga cikakken batir na 'yan daƙiƙu har caja ta yarda da shi. Bayan abin da na rubuta ranar 9 ga Fabrairu game da tagulla, ba zan yi ba. Na rufe ƙafafunsa da tef, na sa shi a gwangwanin ƙarfe da yashi, zai tafi wurin masu karɓar tsofaffin batura.

Saura in sauya wayoyin cikin adaftar fitila da masu kauri, in cire fanel ɗin USB gaba ɗaya, in sake auna abin da take sha a zaune. Ƙarshen wata kuma zan bi baturan DeWalt ɗaya bayan ɗaya da mita ta C1 zuwa C4, in ga ko wanda ya fi hawa adafta ya fara bambanta da sauran.